Aikin intanet daga gida ba tare da digiri ba: amsoshin tambayoyin matasan Garwa, Marwa da Ngaundere

Tallan nan na "yi aiki daga gida, a biya ka da kuɗin waje, ba a neman digiri" ya zama ruwan dare a WhatsApp da Facebook da TikTok. Ɗalibai suna tambaya, iyaye suna tambaya, matan aure ma suna tambaya. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su bisa yadda lamarin yake a arewacin Kamaru, inda wuta da intanet da hanyar karɓar kuɗi kowanne yake da nasa hali. Da yawa daga cikin amsoshin sun shafi 'yan'uwanmu na Kusseri da Njamena.

Da gaske akwai aikin da ake biya da kyau ba tare da digiri ba?

Akwai. Sai dai tallan yana haɗa alkawari uku wuri ɗaya, alhali ba lokaci ɗaya suke cika ba. Maganar cewa ba a tambayar digiri gaskiya ce a ayyuka da yawa. Mutumin da yake Faransa ko Kanada yana neman wanda zai mayar masa da hira rubutu, ba ruwansa da ko ka ci Bac, jarrabawar gama sakandare, ko a BEPC ta ƙaramar sakandare ka tsaya. Maganar cewa ba a neman ƙwarewa kuwa, gaskiyarta rabi ce. Ba za su nemi takardar inda ka taɓa aiki ba, amma za su ba ka jarrabawa, ko su ce nuna mana abin da hannunka ya taɓa yi. Shi kuma biya mai tsoka a ƙarshe yake zuwa, bayan watanni ana karɓar kaɗan, kuma yana zuwa ne ga wanda ya riƙe sana'a ɗaya ya goge a kanta. Duk wanda ya ce maka ukun nan za su same ka a makon farko, aljihunka yake hari.

To wane aiki ne ya fi dacewa da mutumin nan yankin?

Kafin ka damu da abin da ba ka da shi, dubi abin da ke bakinka. Yaron da ya tashi a Garwa yana jin Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta. Na Kusseri ya ƙara da Larabcin Shuwa, wani ya ƙara da Kanuri. Mu ba ma ɗaukar wannan a bakin komai tunda kowa haka yake. A kasuwar aikin intanet kuwa, mutumin da zai rubuta Fulatanci daidai ya kuma juya shi zuwa Faransanci ba shi da yawa ko kaɗan. Wannan ita ce ƙofar da ta fi buɗuwa gare mu, kuma abin yana damuna ganin matasa suna wuce ta suna zuwa inda za su yi gogayya da dubban mutanen Indiya da Filifin a kan aikin kwafar lambobi.

Google Translate ya saka Hausa tun 2013, ya ƙara Fulatanci da Kanuri a 2024. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan manhajoji suna buƙatar mutane su naɗi murya, su rubuta abin da aka faɗa, su duba fassarar inji su ce nan ta yi daidai, nan ta kauce. Appen da TELUS Digital suna cikin masu raba irin wannan aiki, masu fassara kuma suna taruwa a shafin ProZ. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin Tafkin Chadi da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo su ma suna buƙatar a fassara musu saƙonnin lafiya da tambayoyin bincike zuwa harsunan jama'a.

Bayan harshe akwai amsa wa masu saye tambayoyi a madadin kamfani, ta rubutu ko ta waya, galibi da Faransanci. Akwai zama mataimakin ɗan kasuwa daga nesa: ka tsara masa saƙonni, ka riƙe masa jadawalin ganawa, ka cika masa teburin lissafi. Akwai zanen talla da Canva da yanka bidiyo da CapCut. Akwai rubuta manhaja da gina shafukan intanet, wanda shi ya fi kowanne kuɗi, ya kuma fi kowanne cin lokaci kafin a iya. Wanda ya shiga wannan ya sa wa ransa shekara ɗaya zuwa biyu na koyo.

Shi aikin mayar da magana rubutu, yaya yake a zahiri?

A ce an turo maka sautin minti goma, hirar wata ma'aikaciyar lafiya da mata uku a kan rigakafin yara. Ka sa abin sauraro a kunne. Ta farko tana magana da Hausa, ta biyu ta katse ta da Fulatanci, jariri yana kuka, babur ya wuce ya rufe kalma biyu. Takardar ƙa'ida da aka ba ka ta ce kowace mai magana a ba ta lambarta, a sa alamar lokaci duk inda wata ta karɓi magana, a nuna inda aka yi dariya, kada kuma ka gyara wa kowa magana ko da ta yi kuskure. Za ka mayar da jimla ɗaya baya sau huɗu kafin ka tabbatar "ƙari" ta ce ko "gari". Gogaggen mai wannan aiki yakan ɗauki kusan awa huɗu a kan sautin awa ɗaya, sabon shiga ya fi haka nesa ba kusa ba.

A nan ake gane wanda ya iya rubutun Hausa da wanda yake jin ta kawai. Dole ɓ, ɗ da ƙ su fito da lanƙwasarsu, a Fulatanci a ƙara da ƴ da ŋ. Dole ka san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Mu da muka yi makarantar Faransanci muna da wata al'ada ta rubuta "ou" a wurin "u" da "tch" a wurin "c", kuma wannan kaɗai ya isa a kayar da mutum a jarrabawar shiga. Gboard, manhajar rubutu ta Google a waya, yana da allon rubutun Hausa kyauta. Ka saka shi, ka riƙa karanta labaran sashen Hausa na BBC da RFI da DW da idon mai koyon ƙa'ida, kana kula da yadda suke rubuta kowace kalma.

Nawa ake samu?

Ya danganta da aikin da kuma wanda ya ba ka shi, amma ga ma'aunin da za ka riƙe. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Yuro 100 ke nan sefa 65,595. Mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru da ba na noma ba, tun dokar Maris 2023, sefa 60,000 ne a wata. Ka ga abin da Bature zai ɗauka ƙaramin biya, a nan ya haura albashin wata. Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin tallan.

Ga ɗaya gefen kuma. A Janairun 2023 mujallar TIME ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da suke tantance rubuce-rubuce don horar da manhajar ChatGPT ana biyan su ƙasa da dalar Amurka 2 a awa. Ƙananan ayyukan danna nan danna can haka suke a ko'ina. Kuma ba kullum ake samun su ba: mako guda aiki ya yi yawa har ka rasa barci, mako uku shiru. Sannan dandalin da ya haɗa ka da mai ba da aiki, kamar Fiverr ko Upwork, yana cire nasa. Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari, wato aikin dalar Amurka 50 za a ba ka 40, kuma sabon mai sayarwa sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cirewa. Upwork shi ma yana cire kasonsa, yana kuma sayar da ƙuri'un da ake neman aiki da su. Idan ka cire kuɗin data da na canji da na cirewa, abin da ya rage shi ne albashinka. Da shi za ka yi lissafi, ba da lambar da ke kan allo ba.

Waya kawai gare ni. Ta isa?

Ta isa a fara naɗar murya, kula da shafin ɗan kasuwa, da ɗan zane da bidiyo. Ba ta isa fassara mai tsawo ko mayar da magana rubutu ko rubuta manhaja ba. Kwamfutar hannu ta gwanjo mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 da batir mai rai ta wadatar. Lokacin saye ka cire ta daga wuta a gaban mai shagon ka ga minti nawa za ta yi, domin a garuruwanmu batir ya fi kyan jiki muhimmanci.

Wutar nan da ake ɗaukewa fa? Ga intanet yana yankewa.

Wannan ita ce tambayar da masu tallan ba sa amsawa, kuma ita ce take kayar da mafi yawan masu farawa a nan. Jihohin arewa uku sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka gama a farkon shekarun 1980. Idan ruwa ya ja baya da rani, wuta ta ragu, a daidai lokacin da zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40. Tashoshin hasken rana na Marwa da garin Gidar (Guider) sun rage matsalar, amma wanda ya ɗauki aikin mutane ba zai jingina da wutar gari kaɗai ba. Wanda ya ba ka aiki daga Liyon ba zai karɓi uzurin an ɗauke wuta sau biyu ba. Zai nemi wani, ya kuma bar maka mummunar shaida a shafinka.

Sa'ar da aka yi ita ce kwamfutar hannu ba ta da ci. Yawancinsu wat 45 zuwa 65 suke ja. Faifan sola ɗaya na wat 150 da batir ɗaya mai kyau za su riƙe kwamfuta da waya da ƙaramar fanka tsawon aikin yini. Kuɗin farko da ka samu, nan ya kamata ya tafi kafin sabuwar waya.

Intanet kuma ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, MTN da Orange ko Camtel, a Chadi Airtel da Moov. Ka gwada kowanne a ɗakin da za ka zauna, domin layin da yake gudu a bakin titi yana iya mutuwa a ƙuryar gida. Kiran bidiyo na awa ɗaya yana iya cinye rabin giga zuwa giga ɗaya da wani abu. Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin kowa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace, intanet ya tsaya ko ya yi rauni a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka har da Kamaru. Saboda irin wannan, idan an ba ka wa'adin Juma'a, ka sa wa kanka Laraba. Game da Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, Chadi ta ba shi lasisi a Nuwamban 2024, a Kamaru kuwa hukumar kwastan ta ba da umarnin kama kayansa a shekarar. Kada ka sayi na sumoga ka ɗora sana'arka a kai.

Ta yaya kuɗin zai iso hannuna?

Ka warware wannan kafin ka karɓi aiki, ba bayan ka gama ba. PayPal ya shigo Kamaru a 2014 a matsayin hanyar biya, ba ta karɓa ba, don haka aikin da aka ce ta PayPal kaɗai ake biya ka tsaya ka tabbatar tukuna. Hanyar da aka fi bi ita ce Payoneer: dandalin ya zuba a can, kai kuma ka tura asusunka na banki a nan da sefa. Idan mutum ɗaya ne ya ba ka aiki kai tsaye, yana iya turowa ta Western Union ko MoneyGram, ko ta manhajojin da suke sauke kuɗi a MTN MoMo da Orange Money. Ka tuna tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa ta waya, ban da kuɗin kamfanin.

Abin da ya fi riƙe wa mutanenmu kuɗi shi ne suna. Katin ɗan ƙasa ya ce Mouhamadou, asusun banki ya ce Mohamadou, a dandalin kuma mutum ya rubuta Muhammad. A wurin na'ura mutum uku ne. Ka kwafi sunanka harafi da harafi yadda yake a kati, a ko'ina. Za su kuma nemi shaidar adireshi, ga shi gidajenmu ba lamba, takardar wuta kuma da sunan mai gida ko kakanka take. Takardar bayanan asusu daga banki mai ɗauke da sunanka da unguwarku ita ta fi saurin karɓuwa.

Wasu za su ce su biya ka da kuɗin kirifto. Ka sani cewa a Mayun 2022 hukumar COBAC mai kula da bankunan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, ta hana bankuna da kamfanonin biya shiga wannan harka. Ma'ana sai ka nemi wani mutum ya canza maka, idan ya gudu kuma ba bankin da zai tsaya maka.

Yaya zan gane 'yan damfara?

Ga yadda wadda ta fi yawa take tafiya. Saƙo ya shigo WhatsApp daga lambar ƙasar da ba ka san kowa ba, da hoton mace cikin kayan ofis, da Faransanci mai ladabi. Aikin: ka danna alamar so a bidiyo uku, ka turo hoton allo. Ka yi, sai ga sefa 1,500 ta faɗo a wayarka. Kuɗin gaske ne, kuma shi ne ƙugiyar. Daga nan a kai ka wani zaure a Telegram inda mutane suke ta saka hotunan abin da suka ci, yawancinsu yaran masu abin ne. A ce akwai babban aiki, amma sai ka ajiye 10,000 a mayar maka da 13,000. A mayar. Sai 50,000. Sai a ce ka yi kuskure a mataki na uku, kuɗinka ya maƙale, sai ka zuba 200,000 a buɗe. A nan ne mutum yake sayar da babur ko ya taɓa kuɗin adashin mahaifiyarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙa'idar guda ce: mai ba da aiki shi yake biya. Kuɗin rajista, kuɗin horo na dole, kuɗin buɗe asusu, kuɗin kayan aiki da za a aiko maka, duk sunan abu ɗaya ne. Haka wanda ya ce samunka ya dogara da mutum nawa ka kawo. Ƙasar nan ta ga irinsa: a Afrilun 2018 hukumomi suka rufe MIDA, wata ƙungiya mai alkawarin ninka wa mutane kuɗi, a Yawunde bayan dubban mutane sun zuba kuɗinsu. Kada ka ba kowa lambar sirrin MoMo ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Kada ka tura hoton katinka ga wanda ba ka tabbatar da kamfaninsa ba. Idan kuma aikin "daga gida" ya rikiɗe ya zama a zo Tailan ko Kambodiya an biya maka jirgi, ka tsaya cak. An kai 'yan Afirka da yawa can aka ƙwace fasfonsu aka tilasta musu damfarar wasu. Wanda aka cuta ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, ya kuma sanar da ANTIC, hukumar Kamaru mai kula da tsaron intanet. Kunya ba ta dawo da kuɗi, shirun da ka yi kuma shi yake ba su damar kama maƙwabcinka.

Wani ya ce in ba shi hayar asusuna, ko in sayi asusun Amurka in ɓoye inda nake. Akwai laifi?

Akwai. Idan aka yi zamba da asusun da ke ɗauke da sunanka da katinka, kai za a nema, kuma dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci kan laifukan intanet. Asusun da aka saya kuma ranar da suka ce ka nuna fuskarka a kyamara ya mutu, da duk kuɗin da ke ciki. Ban da wannan, ƙarya ce aka gina cin abinci a kanta. Kuma ƙarfinka yana cikin inda kake: mai neman Bafulatanin Marwa ko Bahaushen Garwa ba ya neman ɗan Amurka.

Faransanci na iya, ban iya Ingilishi ba.

Fara da abin da kake da shi. Kasuwar Faransa da Beljiyam da Suwizalan da Kebek tana da faɗi, kuma, ban da Kebek, agogonmu ya dace da nasu: lokacin sanyinsu awarmu ɗaya da Faris, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya kacal. Wanda yake wa Amurkawa aiki shi ne yake kwana a zaune, domin Niyok tana bayanmu da awa biyar zuwa shida. Amma ka koyi Ingilishin karatu ko yaya, saboda takardun ƙa'idar aiki galibi da shi suke zuwa. Wanda ya yi karatun allo da na littattafai ya iya Larabci, shi ma yana da kasuwa: koyar da karatun Alƙur'ani ta bidiyo ga 'ya'yan mutanenmu da ke Turai da Amurka aiki ne da iyaye suke biya duk wata.

Kowa yana cewa in nuna aikin da na taɓa yi, ni kuwa ban taɓa yi ba. Ta ina zan fara?

Daga unguwarku. Je wurin mai shagon atamfa ko mai sayar da kilishi ko telar da ke layinku, ka ce: "Alhaji, a ba ni wata ɗaya in ɗauki hoton kaya in tsara muku shafi, in ya kawo ciniki sai mu yi magana." Ka ajiye hoton yadda shafin yake kafin ka taɓa da yadda ya koma. Mai son fassara ya ɗauki takardar wayar da kai ta asibiti ya juya ta Hausa da Fulatanci, ya kai wa malamin da ya san harshen ya duba masa. Translators without Borders suna karɓar masu sa kai, kuma sun yi aiki sosai da Hausa da Kanuri da Fulatanci a arewa maso gabashin Najeriya. Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa. Waɗannan ba biya ake yi ba, amma suna koya maka bin ƙa'ida, suna kuma ba ka abin nunawa.

Wurin koyo kyauta yana da yawa: freeCodeCamp ga mai son manhaja, OpenClassrooms yana da darussa da Faransanci, Coursera yana ba da tallafi ga wanda ya nema. Shawarata ka zaɓi abu ɗaya ka ba shi wata shida. Na ga masu tara takardun shaida goma na darussa goma, ba ɗaya da za su iya zama su yi a gabanka. Samfuri uku masu kyau sun fi su amfani.

Ni matar aure ce, ba na fita. Zan iya?

Ƙwarai kuwa, Hajiya, kuma wannan yana cikin abin da ya sa nake ganin harkar ta cancanci a yi mata bayani da kyau. Masu tattara murya suna neman muryoyin mata kamar yadda suke neman na maza. Fassara da rubutu da zane ba sa buƙatar a ga fuskarki. Abin da za ki tanada shi ne awa biyu ko uku da ba mai kiranki, ko bayan Asuba ko bayan yara sun kwanta, da ɗaki marar hayaniya idan naɗar murya ce. Asusun ya kasance da sunanki da katinki, layin karɓar kuɗin ma naki. Ki yi wa maigida bayanin aikin tun farko, ki nuna masa allon, domin abin da aka fahimta ba ya jawo zargi. Duk mai ba da aikin da ya fara neman hotonki ko hira da dare a wajen dandalin, ki rufe shi ki kai rahotonsa.

Kuɗin halal ne?

Aiki sananne da lada sananne ijara ce, ko a kasuwa aka ƙulla ko ta waya. Abin dubawa shi ne me ake sa ka yi. Tallan caca, shafukan batsa, rubuta shaidar ƙarya a kan kayan da ba ka taɓa gani ba, hira da mutane da sunan wata mace don a ci kuɗinsu, duk ana tallata su da sunan aikin gida. Inda ka yi shakka, kai wa malaminku bayanin aikin dalla-dalla, kada ka ce masa "aikin intanet" kawai.

In bar makaranta in kama wannan?

A'a. Ka gama. Ngaundere tana da jami'a tun 1993, Marwa tun 2008, Garwa ta samu tata a 2022, karatu ya matso kusa da gida. Rubutun Faransanci mai tsabta da iya karanta doguwar takarda ka fahimta, waɗanda su ne jarin wannan aiki, a aji ake samun su. Ka yi aikin da yamma da ranakun hutu. Wanda kuma karatu ya riga ya tsaya masa, ƙofa ba ta rufe ba, sai dai ya san zai biya da lokacinsa abin da bai samu a aji ba.

Idan na samu dandali mai biya, shi ke nan na huta?

Kada ka jingina da ɗaya. A Maris 2024 dandalin Remotasks ya rufe wa ma'aikatan Kenya da Najeriya da Pakistan ƙofa, mutanen da suka dogara da shi suka wayi gari ba aiki. Ba kwangilar ɗaukar ma'aikaci ke tsakaninku ba, ba sallama, ba hutun rashin lafiya. Ka riƙa cire kuɗinka da zarar sun isa cirewa. Ka nemi masu ba da aiki biyu ko uku, ɗaya daga ciki ya zama na gida, ɗan kasuwa ko ƙungiya a Garwa ko Duwala ko Njamena da za ka iya zuwa ka same su.

Haraji da fansho fa?

Kuɗin da ya shigo daga waje ta banki yana da sawu, kuma banki yana iya tambayarka daga ina. Ka ajiye takardar kowane aiki: wa ya ba ka, nawa, yaushe. Ka yi lambar haraji ta NIU, wadda ko buɗe asusun banki ana nemanta, idan samu ya fara tsayawa kuma ka je ofishin haraji na garinku su faɗa maka rukunin da kake. Tun 2014 CNPS, hukumar fansho ta Kamaru, ta buɗe inshorar sa kai ga masu aikin kansu, kana zuba wani abu duk wata gwargwadon samun da ka bayyana, ya zama fansho idan shekaru sun ja. Ana yin rajistar da katin ɗan ƙasa a ofishinsu na jiha.